Ina son komawa karatu amma tsoron sake faɗuwa ya riƙe min ƙafa

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce, shekarata 34, yarana huɗu, a Kano muke zaune. Na gama sakandare a 2009, na yi WAEC na samu kiredit huɗu, Hausa da IRK da Gwamnati da Ekonomiks, amma Turanci F9 lissafi E8. Babana Allah ya jiƙansa ya sake biya min NECO ta ƙarshen shekarar, nan ma Turancin da lissafin suka ƙi, ranar da sakamako ya fito bai ce min komai ba, ninke takardar kawai ya yi ya sa a aljihu, wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Shekara na zagayowa aka min aure, karatu ya tsaya daga nan.

Yanzu ina koyar da yara a Islamiyyar unguwarmu da yamma kuma ina jin daɗin koyarwar sosai. Sun buɗe ɓangaren boko da safe, shugaban makarantar ya ce min da ina da NCE da ni zai fara ɗauka, tun daga ranar abun ya tsaya min a rai. Ina sana'ar zoɓo da ƙanƙara, na shiga adashe na tara kuɗin jarabawa, sau biyu ina zuwa har ƙofar kafen intanet zan yi rajista sai in juyo gida. Maigida ya ce shi bai hana ba amma kar gidansa ya shiga wani hali kuma kar in tambaye shi ko sisi. Hajiyarsa da ta ji cewa ta yi da muguwar rawa gara ƙin tashi. Facalata mai digiri ce tana aiki, ita ba ta ce komai ba dariya kawai ta yi. Abin da ya fi damuna babbar 'yata tana SS1 kuma tana da ƙoƙari, in na sake faɗuwa da wane ido zan kalle ta in ce mata ta yi karatu? Ga autana shekararsa 3, ga ƙwaƙwalwar ma ji nake kamar ta toshe. Anti in haƙura ne ko in gwada?

Wa alaikumussalam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, ke kuma ya raya miki zuri'a. Amsar tambayarki tun daga farko dan kar in barki kina zullumi har ƙarshe, ki gwada. Amma ba irin gwajin da kike hangowa a ranki ba, wanda duk dangi sun sani, kowa ya zuba ido yana jiran ranar da sakamako zai fito. Akwai hanyar da za ki bi abun ya zo miki da sauƙi fiye da haka, kuma ita nake so mu tattauna.

Bari in fara da Baba, dan ni a karatuna na wasiƙarki ba Hajiya ce ta juyo da ke daga ƙofar kafe ba, ba kuma dariyar facala ba, takardar nan ce da aka ninke aka sa a aljihu. Shekara da shekaru kina fassara shirun nan da cewa kin ba shi kunya. To ni ga yadda nake kallonsa, mutumin da a 2009 ya ciro kuɗi daga aljihunsa sau biyu cikin shekara ɗaya ya biya wa 'yarsa mace jarabawa, a lokacin da iyaye da yawa ko ta farkon ma ba sa bari a kai gare ta, wannan mutum ne da ya yarda da kanki. Iyayenmu maza na wancan zubin ba su iya lallashi da baki ba, in abu ya musu ciwo shiru suke, kuma ciwon sau tari na tausayin yaron ne. Da raini ne ai faɗa zai yi, kin san su ba sa jin nauyin faɗa.

Sannan akwai abin da nake ganin ba a taɓa faɗa miki ba game da shekarar taku. A WAEC ɗin 2009, kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu a duk faɗin Najeriya ya samu kiredit biyar haɗe da Turanci da lissafi. Ita kuwa NECO ta Nuwamba da Disamba ta wannan shekarar, wadda Baba ya biya miki, har jaridu sai da suka yi ta kururuwa a kanta, dan waɗanda suka samu kiredit biyar da Turanci da lissafi ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, cikin mutum sama da dubu 200 da suka zauna. Kin ga kenan a jarabawar da kike ɗauka ita ce shaidar cewa ba ki da ƙwaƙwalwa, cikin duk mutum ɗari da suka shiga ɗakin nan da ku, 98 sun koma gida da irin takardar da kika koma da ita. Kuma mun san yadda makarantun gwamnati suke a lokacin, aji cike maƙil wasu a ƙasa suke zama, malamin Turanci da Hausa yake koyar da Turancin, malamin lissafi wani zangon ma babu shi gaba ɗaya sai ɗan bautar ƙasa in an yi sa'a. Yarinyar da ta fito daga wannan yanayin da kiredit huɗu har da Ekonomiks da Gwamnati, waɗanda da Turanci ta rubuta amsarsu fa, ba daƙiƙiya ba ce. Ban faɗi haka dan in faranta miki ba, abin da ke cikin takardarki ne.

Yanzu ga labari mai daɗi, sakamakon WAEC ba ya tsufa, kiredit ɗinki huɗu na 2009 suna nan da ransu yau kamar ranar da aka buga su. Mafi yawan makarantu suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗa, wato na 2009 da sabon da za ki yi, in ban da kwasa-kwasai irin likitanci da wasu jami'o'in ke cewa sai zama ɗaya, ke kuma ba can kika nufa ba. Ƙari a kan haka a watan Oktoban 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar da sabbin ƙa'idojin shiga manyan makarantu, inda ta ce a matakin NCE kiredit huɗu ake buƙata, Turanci dole ne ga masu kwasa-kwasan adabi da zamantakewa, lissafi kuma dole ga masu kimiyya da fasaha da koyon sana'a. Ke da Hausa da IRK ne ƙarfinki kuma a Islamiyya kike koyarwa, in NCE Hausa da Islamic Studies za ki nema, to dodon da kike tsoro mai kai biyu wataƙila kai ɗaya ne ya rage masa. Dan haka abu na farko da za ki yi, kafin kafe kafin komai, ki ɗauki kwafin sakamakonki ki je ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar da kike so ki tambaye su baki da baki me ya rage min, dan kowace makaranta da yadda take aiwatar da ƙa'ida kuma wani sashen yakan ƙara nasa sharaɗin. Wannan tafiyar ba wanda zai ce kin faɗi a cikinta, kuɗin adaidaita ne kawai. Amma ko sun ce miki ba sai da lissafi ba, ni shawarata kar ki watsar da shi, gobe za ki iya son ƙarin karatu ko canjin fanni ya zo ya tare miki hanya.

Abu na biyu, ki yi jarabawar a ɗakinki tukunna inda ba mai ganinki. Ranar da kika fara zoɓon sayarwa ai ba duro guda kika dafa ba, kaɗan kika yi kika ɗanɗana kika ga ko sukari ya ji ko citta ta yi yawa, to haka nan ma. Ki sayi littafin tambayoyin shekarun baya, wanda yara ke ce wa fas kwashin, ana samunsa a duk shagon littattafai da amsoshinsa a baya, ki zaɓi shekara ɗaya ki zauna da agogo bayan yara sun tafi makaranta ki amsa tsakaninki da Allah ba leƙe, sannan ki duba ki ba kanki maki. Ina gaya miki tun yanzu makin farko ba zai yi kyau ba, kar ki yi kuka a kansa, mutumin da ya shekara sama da goma sha biyar bai riƙe biro dan jarabawa ba dole hannunsa ya yi tsami. Amfaninsa shi ne ya nuna miki ina ne ramin. Yanzu abin da kike tsoro ba shi da siffa, cewa kike ƙwaƙwalwa ta toshe, amma bayan wannan gwajin za ki ce ashe taƙaita labari ne ban iya ba, ashe tsarin wasiƙar hukuma ne na manta, shi kuma wannan abu ne da ake koyo a wata biyu uku. Ki ajiye takardar da kwanan wata a kai, bayan wata biyu ki sake wata shekarar ki gwada su, wannan ne zai faɗa miki ko kin shirya, ba Hajiya ba, ba ni ba.

Turancin WAEC kashi-kashi ne kuma ba duka ne masu wuya ba. Akwai insha'i ko wasiƙa, akwai karanta labari a amsa tambayoyi, akwai taƙaitawa, akwai na zaɓi ɗaya cikin huɗu, akwai na sautukan furuci. Mutanenmu sun fi zubar da maki a insha'i da taƙaitawa, dalili kuwa ba sa rubutu sai ranar jarabawa. Ki sayi littafin rubutu guda, kullum ki cika shafi ɗaya da Turanci, ko labarin yadda kasuwar ƙanƙara ta kasance jiya ne, ko wasiƙa ga shugaban ƙaramar hukuma kan kwatar unguwarku, sati-sati ki samu wanda zai duba miki da jan biro. Gajerun jimloli marasa kuskure sun fi dogaye masu ƙaƙale, masu makin nan kowane kuskuren nahawu da na rubutu cirewa suke. Awa ɗaya a rana wadda ba ta fashi ta fi miki awa shida ranar Lahadi. Kuma ki zaɓi awar da ta dace da gidanki, wasu bayan asuba kafin a ɗora ruwan wanka, wasu da hantsi in gida ya yi shiru autan na wasa, dare dai ban cika ba wa mai yara huɗu shawararsa ba dan barci ne zai yi nasara. Idan kin fi gane karatu a aji, Hukumar Ilimin Manya ta jihar Kano, wadda aka kafa tun 1980 zamanin gwamna Abubakar Rimi, tana da cibiyoyin mata, ki leƙa wadda ta fi kusa da ku ki ga ajin da suke da shi, ko ba komai za ki ga mata sa'anninki da waɗanda suka girme ki da goyo a baya da littafi a hannu, ganinsu kaɗai yana rage wani abu a zuciya. Akwai kuma darussan lissafi da Turanci kyauta a YouTube har da masu bayani da Hausa in kina da data.

To mu zo kan 'yarki, dan nan ne na fi daɗewa ina tunani. Kin ce in kin faɗi da wane ido za ki kalle ta. Ƙanwata yarinyar SS1 ba jaririya ba ce, ta riga ta san mamanta ba ta wuce sakandare ba, ba wani asiri ba ne da faɗuwa za ta tona. Abin da ba ta sani ba tukunna shi ne me mamanta take yi in abu ya ba ta tsoro, kuma wannan darasin tana ɗaukarsa a wajenki ko kin so ko ba ki so ba. Ita ma nan da shekara biyu za ta zauna WAEC da NECO da JAMB, kuma yara masu ƙoƙari su ne faɗuwa ta fi karyawa dan ba su saba da ita ba, yaro ya saba zuwa na ɗaya ranar da JAMB ta ba shi makin da bai kai ba sai ka ga ya rufe kansa a ɗaki sati guda. In ranar ta zo, Allah ya kiyaye, uwar da ta taɓa faɗuwa ta sake zama a gaban idonta tana da abin faɗa mata wanda uwar da ta juyo daga ƙofar kafe ba ta da shi. Ni da zan ba ki shawara ma, ita za ki ɗauka malamar lissafinki. Manhajar da take yi yanzu ita ce za a tambaye ki, littattafanta suna cikin gidan ba sai kin saya ba, kuma duk wanda ya koyar da abu ya fi riƙe shi, ke malama ce kin san wannan, dan haka ita ma ribarta ce. Na san akwai nauyi, a al'adarmu uwa ba ta cika zama gaban 'yar fari ta ce koya min ba, wasu ko sunanta ba sa faɗa. In nauyin ya yi yawa ki fara da cewa zo ki nuna min abin da aka muku yau, a hankali zai zama zaman karatu ba tare da kowa ya kira shi da sunan ba. Sharaɗi ɗaya dai, kar karatunki ya zama dalilin da aikin gida da rainon auta zai koma kanta gaba ɗaya har nata karatun ya samu matsala, in aka yi haka an gyara wani an ɓata wani.

Maigida kuma ki yi masa adalci, bai hana ba, kuma kin san gidaje nawa ne maganar take mutuwa tun a nan. Sharuɗɗansa biyu ne, gida da kuɗi, kuma in kika duba dukkansu tsoro ne irin nasa, yana tsoron ya dawo ya tarar ba abinci yara a watse, yana tsoron a buɗe masa wata ƙofar kashe kuɗi a wannan tsadar rayuwar da buhun shinkafa ke neman gagarar mai albashi. Mai irin wannan tsoron ba a ba shi amsa da rantsuwa ko kuka, tsari ake nuna masa. Ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi hankalinsa a kwance ki ce masa ga awar da zan riƙa karatu, ga wadda zan bar wa auta ranakun jarabawa, ga kuɗin rajista na riga na tara, jarabawar 'yan makonni ce kuma ba kullum ake fita ba sai ranar da nake da takarda. Ki tsaya a kan jarabawar kaɗai yanzu, kar ki jibge masa maganar shekarun NCE gaba ɗaya a zama ɗaya. Amma kuma kar ki ɓoye masa cewa can kika dosa, dan kar gobe ya ce an yaudare shi. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya da ba na kuɗi ba, misali ya kai ki santa, wato cibiyar jarabawa, ranar farko, ko ya duba miki insha'i in yana da Turancin. Namiji in ya sa hannu a abu ko kaɗan ne yakan fara ganinsa nasa, ranar da wani a dangi ya yi magana shi zai tare miki. Maganar ko sisi kuma ki bar ta a yadda take, na sha ganin masu cewa ko sisi su ne ke zuwa da kansu su biya kuɗin zango na biyu in sun ga da gaske ake, amma kar ki gina lissafinki a kan hakan, ki gina shi a kan zoɓonki da adashenki.

Hajiya uwa ce, ba za ki yi musu da ita ba kuma ba sai kin yi ba. Karin maganar da ta kawo ta masu rawa ce a tsakiyar fili gaban jama'a, ke kuma ba fili za ki shiga ba. Wataƙila ma abin da ke ranta jikokinta ne da ɗanta, kar a bar su da yunwa, wanda in ta ga wata uku sun wuce gida lafiya lau maganar za ta mutu da kanta. In kuma ta sake tayarwa ki ce Hajiya addu'arki nake nema, koyar da yara nake so in inganta, tsofaffinmu da wuya a nemi addu'arsu su ƙi. Karatun matar aure kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan balle a ce yayin zamani ne, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, tsari guda ta kafa na 'Yan Taru, tana tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata a gidajensu, kuma jajin nan yawanci manyan mata ne da suka riga suka manyanta. Facala kuwa ba ta ce komai ba, dariya ta yi, ke kika sa wa dariyar fassara. Ta yiwu raini ne, ta yiwu mamaki ne. In kuna shiri, ita ce ma mafi kusa da za ta iya duba miki rubutun Turanci, in kuma kin san halinta ba na rufin asiri ba ne to ki gaishe ta da fara'a ki bar ta inda take.

Wannan ya kawo ni kan wa zai sani. Maigida dole, 'yarki, da mutum ɗaya da zai riƙa duba miki aiki, shi kenan. Ba sanarwa a gurup ɗin dangi na WhatsApp, ba sitatus na a taya ni da addu'a. An riga an san kina da niyya, ba sai an san ranar da kika yi rajista ko ranar da sakamako zai fito ba, yanzu ma a waya ake dubawa da kati, ke kaɗai a ɗaki. Rabin tsoronki na idon mutane ne, in kika rage idanun kin rage tsoron.

Ba zan ce miki tabbas za ki ci ba, ƙarya ne in na faɗa, ana iya shiri sosai a samu D7 a Turanci, maki kaɗan tsakaninsa da C6. To mu zauna mu lissafa me za ki rasa in hakan ta faru. Kuɗin rajista, wanda zubin adashe ɗaya ne ko biyu. Ɓacin rai na sati ɗaya ko biyu, wanda ba zan raina shi ba. Kiredit ɗinki huɗu na nan ba wanda zai ƙwace, aurenki na nan, Islamiyyarki na nan, Turancin da kika koya a watannin kuma ya zauna, yaran ajinki da na gidanki za su amfana da shi ko da takarda ko babu. Kuma ƙofar ba ta rufuwa, WAEC ta masu zaman kansu sau biyu ake yinta a shekara, ɗaya a farkon shekara ɗaya a wajen ƙarshenta, ga NECO ta waje a Nuwamba da Disamba. A ɗaya ɓangaren, in kika haƙura, kuɗin adashen zai tafi a biki ko anko, kuma duk ranar da aka ɗauki sabuwar malama a ɓangaren safe sai abun ya sosa miki rai. Ni dai a ma'aunina na biyun ya fi tsada.

Abin da zan ja miki kunne a kai da babbar murya shi ne santocin nan da ake ce wa na mu'ujiza, inda ake biyan kuɗi mai yawa a rubuta wa mutum amsa a allo. Da zarar an ji kina tsoro wani zai zo miki da maganar cikin tausayawa, ya ce ke da yara ina kika ga lokacin karatu, kawo kaza a gama miki. Kar ki yarda. Hukumomin jarabawar suna riƙe sakamako suna soke na santa guda in sun kama, kuɗinki ya tafi a banza, ko kin tsira ma za ki shiga NCE da Turancin da ba naki ba ki je can ki maƙale, sannan ke malamar Islamiyya ce da ke koya wa yara cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

In Allah ya sa an samu, hanyoyin na gaba suna da dama kuma akwai masu dacewa da mai iyali. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna tun 1976, tana yin NCE ta karatu daga nesa, ana haɗuwa a ƙarshen mako da lokutan hutu a cibiyoyinta da ke jihohi, dama dan malaman da ke bakin aiki aka tsara shi. Kwalejojin ilimi ma suna da na wucin gadi. Akwai kuma jami'ar karatu daga nesa ta NOUN ga mai son digiri, ba ta buƙatar a zauna jarabawar JAMB kafin a shiga. Masu ba da shawara suna son kawo misalin Obasanjo da ya karɓi digirin digirgir a can a 2018 yana da shekara tamanin, ni ban cika kawo shi ba, shi ba ya tuƙa tuwo ba ya wankin yunifom. Gaskiya ɗaya kuma da ya kamata ki shiga da ita ido buɗe, NCE ba ta nufin aikin gwamnati na jiranki, masu ita da yawa suna zaune, albashin makarantun kuɗi na unguwa kuma kin san yadda yake. Ke abin da ya bambanta ki, kina da aji a hannu da shugaban da ya riga ya ga aikinki. Ki koma wajensa ki tambaye shi ƙarara, in na fara NCE ɗin ina cikin yi za ku iya ba ni ƙananan aji da safe kafin in gama? Makarantu da yawa suna yin haka. Kuma kar ki saki zoɓon, shi zai biya kuɗin makarantar.

Idan kin duba kin ga bana ba zai yiwu ba saboda auta ko wani dalili na gida, ba laifi ba ne ki ɗaga zuwa lokacin da zai shiga nazire, amma ɗagawa mai rana, ki ce jarabawar wata kaza ta shekara kaza, ki faɗa wa maigida, ki ci gaba da awarki ɗaya kafin nan. Sai wani lokaci ba rana ba ce. Ki yi istihara, ki yawaita addu'a, kuma ki tuna hadisin da na san kina koya wa ɗalibanki, wanda Muslim ya ruwaito, ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kar ka gajiya. Tsoron ba zai tafi kafin ki yi rajista ba, kar ki zauna jiran tafiyarsa, da shi za ki shiga kafen, dan haka karo na uku kar ki je ke kaɗai, ki tafi da 'yarki ko wata aminiya da kika san ba za ta barki ki juyo ba.

In kin je kuma ga abin da za ki kula da shi, dan nan ne mata da yawa ke samun matsalar da ta fi faɗuwa ciwo. Sunan da ke kan sakamakonki na 2009, da yadda aka jera shi, da yadda aka rubuta kowane harafi, da ranar haihuwa, su za ki sa a sabon fom, kuma ki duba tun yanzu ko sun yi daidai da na katin NIN ɗinki dan ana neman lambar wajen rajista. In bayan aure kin koma amfani da sunan maigida a NIN, ki fara gyara wannan ko ki tanadi takardar rantsuwa ta kotu, in ba haka ba ranar tantancewa za a ce takardun na mutum biyu ne. Fom ɗin zai sa ki zaɓi darussa da yawa ba Turanci da lissafi kaɗai ba, to ki cike da waɗanda kika taɓa ci, Hausa da IRK da sauran, ki ɗan bi ta kansu, in aka yi dace sai ki tashi da komai a zama ɗaya. Ki tambaya kuma ko da kwamfuta za a yi wadda kika zaɓa, dan tun 2024 WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu da kwamfuta, in haka ne ki biya awa biyu uku a kafen ki saba da linzami da madannai kafin ranar. Kar ki miƙa wa mai kafe takardu ki tafi ki ce ya cike miki, ki zauna kusa da shi ki karanta komai da idonki kafin ya tura, ki karɓi takardar shaidar rajista ki adana. Allah ya ba da sa'a ƙanwata.